La Belle Équipe (1936): tambayoyi da amsoshi kan fim ɗin abokai biyar da suka ci caca suka rasa juna

Duk wanda ya fara bin tsofaffin finafinan Faransa, ba ya daɗewa sai ya ci karo da sunan wannan fim. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu kallo suka fi maimaitawa, wasu kafin su kalla, wasu bayan sun gama kallo ransu a jagule. Amsoshin sun bayyana labarin har ƙarshensa, don haka wanda ba ya son a ɓata masa daɗin kallo ya tsaya a amsar farko.

Wane fim ne wannan, kuma su wa suka yi shi?

La Belle Équipe fim ne na Faransa mai hoton fari da baƙi, wanda ya fito a watan Satumba na 1936. Julien Duvivier ne ya ba da umarni, kuma shi da Charles Spaak suka rubuta labarin. Manyan 'yan wasan su ne Jean Gabin, Charles Vanel da Viviane Romance. Tsawonsa kusan awa ɗaya da minti arba'in ne. A ƙasashen da ake Turanci an san shi da They Were Five, sunan da ke da amfani wurin nema.

Labari ne na ma'aikata biyar marasa aikin yi a birnin Paris, waɗanda suka haɗa kuɗi suka sayi tikitin cacar ƙasa, suka ci, sannan suka yanke shawarar kada kowa ya kama gabansa da rabonsa. Suka zuba kuɗin wuri guda don su gina abin da zai zama nasu su duka. Sauran fim ɗin yana bin yadda wannan tafiya ta riƙa zubar da mutanenta ɗaya bayan ɗaya.

Su wane ne abokan biyar?

Jean, wanda Gabin ya fito a matsayinsa, shi ne mai baki a cikinsu. Shi ke tsaya wa mai otal idan ya zo da masifar kuɗin haya, kuma shi ya kawo shawarar haɗa jari. Charles, wato Vanel, ya fi su shekaru da nutsuwa, amma yana ɗauke da ciwon da ba ya faɗa: matarsa Gina ta bar shi, shi kuwa zuciyarsa ba ta bar ta ba. Raymond, wanda suke kira Tintin, shi ne mai barkwancin tawagar, kuma Raymond Aimos ne ya taka shi. Jacques (Charles Dorat) matashi ne mai burin tafiya Kanada. Na biyar shi ne Mario (Raphaël Médina), ɗan gudun hijira daga Sifaniya wanda hukuma ta ba shi umarnin barin Faransa, don haka kullum a ɓoye yake.

Akwai ta shida da ba a ƙidaya ta cikin tawagar, amma ba a fahimtar labarin in ba da ita: Huguette (Micheline Cheirel), budurwar Mario, yarinya mai aikin hannu da ke zaune tare da kakarta. Sauran huɗun suna ji da ita kamar ƙanwa. Ɗaya daga cikinsu yana ji da ita fiye da haka, kuma wannan shi ne tsagewar farko, kamar yadda aka bayyana a amsar tambayar yadda suka ragu zuwa biyu.

Nawa suka ci, kuma me suka yi da kuɗin?

Sun ci franc 100,000 a cacar ƙasa ta Faransa, wadda gwamnati ta kafa a 1933. In an raba, kowa zai tashi da 20,000. Kuɗi ne mai kauri a hannun mutumin da jiya ba ya iya biyan hayar ɗaki, amma bai kai ya sauya wa mutum ɗaya rayuwa har abada ba. Wannan ita ce hujjar Jean, kuma hujja ce mai ƙarfi: kowa ya tafi da nasa, bayan wani ɗan lokaci kuɗin zai narke, a sake haɗuwa a ɗakin haya ɗaya. Amma in aka haɗa, za a iya mallakar ƙasa da gini.

Sai suka sayi wani tsohon gidan wanki da ya zama kango a bakin kogin Marne, gabas da Paris, suka shiga gyara shi da hannunsu: sassaƙa, fenti, ɗora rufi. Burinsu su mai da shi guinguette, wato irin wurin shaƙatawar nan na bakin ruwa inda talakawan Paris ke fita ranar Lahadi su ci soyayyen kifi, su sha, su yi rawa da kiɗan akodiyon, wasu su hau kwalekwale. Irin waɗannan wurare sun cika gaɓar Marne tun ƙarni na 19, musamman wajejen Nogent da Joinville. Suka raɗa wa nasu suna Chez Nous, ma'ana gidanmu.

Ga ma'aikacin Paris na wancan zamani, bakin Marne shi ne inda yake numfasawa bayan kwana shida a masana'anta. Mallakar wuri a can na nufin mutum ya tashi daga mai zuwa yawon rana ɗaya ya koma mai gida, ba shi da ubangidan da zai sallame shi. Shi ya sa murnarsu a rabin farko na fim ɗin take shiga ran mai kallo sosai.

Yaya aka yi suka ragu daga biyar zuwa biyu?

Jacques ne ya fara tafiya. Ya gane yana son Huguette, kuma ya san budurwar abokinsa ce. Bai yi faɗa da kowa ba, bai ci amanar kowa ba. Ya tattara ya nufi Kanada don kada zamansa ya zama fitina. Mai kallo na iya yaba masa, kuma ya cancanci yabo, amma tafiyar tasa ta koya wa sauran wani abu mai haɗari: cewa idan abu ya yi nauyi a zuci, mafita ita ce a yi shiru a janye jiki.

Mario kuwa doka ce ta cim masa. Wani jandarma mai saukin kai, wanda Fernand Charpin ya taka, ya zo da takardar kora. Ba mugu ba ne, har ya ɗan sassauta wa yaron lokaci, amma takarda takarda ce. Huguette ta zaɓi ta bi shi, ta bar kakarta. A ranar da ake shagalin bankwana da su, Tintin ya hau rufin gidan yana cikin murna, ƙafarsa ta zame, ya faɗo ya mutu. A wuni ɗaya tawagar ta rasa mai sa ta dariya, ta rasa Mario, ta rasa yarinyar da ke tausasa zamansu.

Abin lura a nan shi ne babu ko ɗaya cikin ukun nan da gaba ta raba shi da abokansa. Ɗaya soyayya ta kore shi, ɗaya iyakar ƙasa, ɗaya ajali. Duvivier ya tsara abin ne ta yadda kafin ainihin rigima ta taso, an riga an kwashe duk waɗanda za su iya shiga tsakani. Lokacin da Jean da Charles suka fara yi wa juna kallon zargi, babu Tintin da zai jefa wasa ya kashe wutar, babu na uku da zai ja ɗaya gefe ya ce masa ya bi a hankali. Abota tsakanin mutum biyar tana da inda za ta jingina idan ɓangare ɗaya ya raunana. Tsakanin mutum biyu da ke son mace ɗaya, babu.

To kuɗi ne ya raba su?

Mutane da yawa suna shiga fim ɗin da wannan zato, saboda mun saba ganin yadda haɗin jari ke ƙarewa da rigimar riba. Amma abokan nan ba su taɓa yin faɗa kan wa ya fi wani kaso ba. Babu wanda ya yi ƙoƙarin cinye rabon ɗan'uwansa don ya yi arziki.

Abin da kuɗin ya yi ya fi wannan zurfi. A otal ɗin da suke zaune tun farko, talauci ya sa babu mai abin ɓoyewa: aljihun kowa a buɗe yake tunda babu komai a ciki. Da aka samu asusu na tarayya, sai aka samu abin da mutum zai iya taɓawa a asirce. Charles ya ɗebi kuɗi daga ciki ya ba Gina, ba don haɗama ba, don rauninsa a kanta. Yawan kuɗin ba shi ne matsalar ba. Matsalar ita ce ya yi abin a bayan idon mutanen da suka kwana kan rufi ɗaya da shi. Kuma kuɗin ne ya jawo Gina tun farko, domin da ba ta ji labarin cin cacar ba, da ba ta waiwayi mijin da ta bari ba.

Ashe ba Gina ce ta lalata komai ba?

Haka fim ɗin yake so a gani a sama-sama, kuma a nan ne nake ganin ya fi rauni. Gina mace ce da ke samun abinci ta hanyar tsayawa a ɗauke ta hotunan da ba su da kamun kai. Ta zo neman rabonta a matsayin matar Charles, tunda aurensu bai mutu a hukumance ba. Da Jean ya je wurinta don ya karɓo kuɗin da Charles ya ba ta, sai ya faɗa tarkonta shi ma. Viviane Romance, wadda ba ta wuce shekara 24 ba a lokacin, ta taka rawar da ƙarfin da ya sa ta zama tauraruwa, ya kuma ɗaure ta shekaru da dama a irin wannan matsayi na mace mai halaka maza.

Sai dai rubutun bai yi mata adalci ba. An ba kowane namiji a fim ɗin dalili da tarihi da uzuri, ita kuwa an bar ta da kwaɗayi da ƙeta kawai. Ba a tambayi yadda aurenta da Charles ya kasance ba, ba a tambayi abin da mace marar gata za ta ci a Paris ta shekarun matsin tattalin arziki ba. Mata a fim ɗin iri biyu ne kacal: Huguette mai tsarkin zuciya, da Gina mai dafi. Masu nazarin fim na baya-bayan nan sun daɗe suna sukar wannan, kuma sukar tana kan hanya.

Duk da haka, wanda ya kalla da kyau zai ga cewa fim ɗin ya fi rubutunsa gaskiya. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gina ba ta ƙirƙiri ƙaryar da ke tsakanin mazan biyu ba, ta same ta ne ta yi amfani da ita. Charles ya ɓoye cewa har yanzu yana zuwa wurinta. Jean, mai wa'azin haɗin kai, wanda ya fi kowa ɗaga murya kan amana, ya ɓoye cewa shi ma yana zuwa. Da ɗayansu ya buɗe baki da wuri, da ba ta da makamin da za ta riƙe. Laifin Jean ya fi ba ni ciwo, domin shi ne ya roƙi kowa ya ba da amanarsa tun farko.

Gaskiya ne fim ɗin yana da ƙarshe iri biyu?

Gaskiya ne, kuma wannan na cikin abubuwan da suka sa ba a manta da shi ba. A ƙarshen da Duvivier da Spaak suka rubuta, ranar buɗe wurin ta zo, jama'a sun cika, ana kiɗa ana rawa. Gina ta zuga Charles, ya fuskanci Jean, magana ta yi zafi, Jean ya harbe shi da bindiga. Fim ɗin ya rufe da Jean a zaune kamar wanda hankalinsa ya gushe, yana maimaita cewa shawara ce mai kyau suka yi, kyanta ne ya yi yawa.

Masu kuɗin fim ɗin suka ga wannan ya yi duhu, suka matsa wa Duvivier ya ɗauki wani ƙarshen. A cikinsa, Jean da Charles sun haɗa kai sun fuskanci Gina tare, ta fita a kunyace, shagalin buɗewa ya ci gaba. Aka nuna duka biyun ga masu kallo a wani gidan sinima da ke La Varenne, kusa da inda labarin ya faru, aka ce su zaɓa. Cikin mutum 366, mutum 305 suka zaɓi ƙarshe mai daɗi. Da shi fim ɗin ya zagaya gidajen sinima na Faransa, kuma shekaru da dama shi mafi yawan Faransawa suka sani. Ƙarshen asali ya tsira ne a wani kwafi mai ɗauke da fassarar Jamusanci a ƙasan allo. Yadda aka dawo da shi yana cikin amsar tambaya ta ƙarshe.

Wanne ƙarshen ya fi dacewa?

Na Duvivier, ba tare da wata tantama ba a wurina. Ba don baƙin ciki ya fi farin ciki daraja ba. Dalilin shi ne duk abin da ya gabata yana tafiya ne zuwa can. An nuna mana tafiyar Jacques, korar Mario, mutuwar Tintin, ɓoye-ɓoyen Charles da na Jean. Fim ɗin ya kwashe sama da awa ɗaya yana cire ginshiƙai, ba zai yiwu a minti biyar na ƙarshe a ce ginin yana nan daram ba. Ƙarshe mai daɗi yana kuma ƙara wa Gina rashin adalcin da aka yi magana a kai a sama, domin yana cewa ita kaɗai ce cutar, da an kore ta an warke.

Amma ba na raina mutum 305 ɗin nan. Mutane ne da a bazarar 1936 suka samu hutun aiki da albashi karon farko a rayuwarsu, suna jin cewa duniya ta fara juyowa wajensu. Sun shiga sinima sun ga masu kama da su sun gina abu da hannunsu. Ba abin mamaki ba ne su ƙi yarda a rushe shi a gabansu. Akwai kuma masu cewa harbin ya yi tsauri, cewa mutum irin Jean zai fi dacewa ya juya baya ya tafi. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya: rabuwar abokai a rayuwa ta fi zuwa da shiru fiye da ƙarar bindiga. Sai dai Gabin na waɗannan shekaru an san shi da fitowa a mutumin kirki wanda fushi ke ɓalle masa sau ɗaya ya halaka shi, kuma Jean yana cikin wannan jeri.

Fim ɗin siyasa ne? Me ya haɗa shi da Front populaire?

Lokacin fitowarsa ne ya ɗaura masa wannan suna. A watan Mayu na 1936 haɗakar jam'iyyun hagu da ake kira Front populaire ta ci zaɓe a Faransa, Léon Blum ya zama shugaban gwamnati a watan Yuni. Ma'aikata suka shiga yajin aiki suna mamaye masana'antu, aka sa hannu kan yarjejeniyar Matignon tsakanin ƙungiyoyin ƙwadago da masu masana'antu, aka kafa dokar aikin awa 40 a mako da hutun mako biyu da albashi a shekara. A cikin wannan yanayi aka ɗauki fim ɗin da ke nuna marasa aiki sun haɗa hannu sun zama iyayen gidan kansu. Dole mutane su ga hoton zamaninsu a ciki. Ga kuma Mario ɗan Sifaniya, a shekarar da yaƙin basasa ya ɓarke a ƙasarsa cikin watan Yuli.

Amma Duvivier ba a san shi da siyasar hagu ba, kuma abokan nan ba ƙungiyar ƙwadago ta ba su abin da suka samu ba, sa'a ce ta tikiti. Babu yajin aiki a fim ɗin, babu jam'iyya. Wanda ke son ganin bambancin ya kwatanta shi da Le Crime de Monsieur Lange na Jean Renoir, wanda ya fito a farkon shekarar, inda ma'aikatan wani kamfanin ɗab'i suka mai da shi na tarayya kuma abin ya yi albarka. Renoir ya yarda da haɗin kan jama'a. Duvivier yana ƙaunar mutanensa amma bai yarda za su iya riƙe abin da suka gina ba. Da gwamnatin Blum ta faɗi a watan Yuni na 1937, sai wasu suka riƙa kallon ƙarshensa mai duhu kamar hangen nesa. Ni ina ganin halinsa ne kawai na rashin yarda da ɗorewar alheri tsakanin mutane, wanda ke bayyana a finafinansa da dama.

Wace fitowa ce ta fi shahara?

Daren hadari. Ana tsakiyar aikin gini, iska mai ƙarfi da ruwa suka taso cikin dare suka fara kwashe tayil ɗin rufin. Ba su da abin dannewa, sai suka hau suka kwanta a kai, kowa ya baje jikinsa, ruwa na dukansu har gari ya waye. Babu dogon jawabi a wurin, kuma ba a buƙatarsa. Duk abin da fim ɗin ke nufi da abota yana cikin wannan hoto: mutane sun sa jikinsu a inda kuɗinsu bai kai ba.

Rufin nan dai shi ne wanda Tintin ya faɗo daga kansa daga baya. Duvivier bai sa kowa ya faɗi haka da baki ba, ya bar mai kallo ya haɗa da kansa.

Waƙar da ake dangantawa da fim ɗin fa?

Sunanta Quand on s'promène au bord de l'eau, Gabin ne ya rera ta da bakinsa yana tafe a bakin ruwa da mai akodiyon a bayansa. Maurice Yvain ya yi kiɗan, Duvivier da Louis Poterat suka rubuta baitocin. Tana maganar mutumin da ke wahala daga Litinin zuwa Asabar a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ranar Lahadi kuwa ya garzaya Nogent ya manta da komai. Waƙar ta fi fim ɗin yaɗuwa, har yau Faransawa da yawa sun san ta ba tare da sun taɓa ganin inda ta fito ba. Gabin ya fara sana'arsa ne a dandalin waƙa da rawa kafin sinima, shi ya sa rerawar ta zo masa a sauƙaƙe.

Wane ne Julien Duvivier, kuma ina wannan fim yake a cikin ayyukansa?

An haife shi a Lille a 1896, ya rasu a Paris a 1967. Ya fara tun zamanin finafinai marasa sauti, kuma yana cikin manyan daraktocin Faransa na shekarun 1930 tare da Renoir, René Clair, Jacques Feyder da Marcel Carné. Shi ya fi kowa gina sunan Gabin: sun yi Maria Chapdelaine a 1934, La Bandera a 1935, wannan a 1936, sai Pépé le Moko a 1937. Bayan yaƙin duniya na biyu ya yi Panique a 1946, fim mai ɗaci kan yadda unguwa guda ta taru a kan mutum ɗaya marar laifi. Matasan masu suka na shekarun 1950, waɗanda daga baya suka zama daraktocin sabon salo, sun rage masa daraja suna ganinsa gwanin sana'a kawai. An daɗe kafin a dawo a ba shi haƙƙinsa.

Abokin rubutunsa Charles Spaak ɗan Beljiyam ne, ƙanin Paul-Henri Spaak wanda ya yi firaministan ƙasar. Shekara ɗaya bayan wannan fim, shi ne ya rubuta La Grande Illusion tare da Renoir, wani labarin na maza da yanayi ya haɗa su a wuri ɗaya.

Me ya faru da 'yan wasan daga baya?

Gabin, wanda aka haifa a 1904, ya bar Faransa zuwa Amurka bayan Jamus ta mamaye ƙasar, sannan ya shiga rundunar Faransa mai 'yanci ya yi yaƙi. Ya dawo sinima ya ci gaba har rasuwarsa a 1976. Vanel ya yi tsawon rai, daga 1892 zuwa 1989, kuma masu kallo da yawa sun fi saninsa da Le Salaire de la peur na 1953. Viviane Romance ta rasu a 1991.

Biyu daga cikinsu yaƙin ya ci su. Raymond Aimos, mai barkwancin tawagar, an kashe shi a watan Agusta na 1944 a faɗan 'yantar da Paris. Robert Lynen, yaron da ya fito a ƙaramin matsayi a nan, wanda Duvivier ya fito da shi tun yana ƙarami a Poil de carotte na 1932, ya shiga ƙungiyar masu turjiya ga mamayar Jamus. An kama shi a 1943, aka harbe shi a Karlsruhe ranar 1 ga Afrilu, 1944, yana da shekara 23.

Za a iya kallonsa tare da iyali?

Gara babba ya fara kalla shi kaɗai ya yanke hukunci. Labarin ya ginu ne a kan cin caca, ana shan giya a wurare da yawa tunda wurin da suke ginawa na sha da rawa ne, akwai alaƙa tsakanin namiji da matar abokinsa, ga hotunan Gina a bangon ɗakinta da shigar da ba ta da sutura sosai, sannan ga kisa a ƙarshe. Idan aka auna da finafinan yau, an nuna komai da kamewa, amma batutuwan na manya ne.

Ga mai tambaya ko fim ɗin yana tallata caca: bai yabe ta ba, bai kuma yi wa'azi a kanta ba. Hanya ce da marubutan suka bi don su sa kuɗi a hannun talakawa biyar dare ɗaya su ga abin da zai biyo baya. Da gado ne ko wata kyauta, labarin ba zai canza ba, kamar yadda amsar tambayar kuɗi ta nuna.

Wane kwafi zan nema, kuma in ba na jin Faransanci fa?

A nemi wanda kamfanin Pathé ya gyara ya sake fitarwa a 2016. Kafin nan fim ɗin ya yi shekaru yana da wuyar samu, saboda magadan Duvivier da na Spaak sun tsaya kan cewa ƙarshen da marubutan suka so shi ne za a riƙa nunawa, har maganar ta kai kotu. Kwafin da aka gyara yana ɗauke da ƙarshen asali, hoto da sauti kuma sun fito tsaf. Tsofaffin kwafin da ke yawo a intanet wasunsu na da ƙarshe mai daɗi, don haka in aka ga Jean da Charles sun rabu da Gina suna tare lafiya, a san cewa ba wanda Duvivier ya nufa ba ne. Yana da kyau a ga duka biyun, amma a fara da na asali.

Game da harshe, 'yan wasan suna magana ne da Faransancin titin Paris na wancan zamani, da sauri da kalmomin 'yan unguwa, musamman Aimos da Gabin. Ko wanda ya yi karatunsa da Faransanci a Yamai, Maraɗi ko Damagaram zai iya rasa wasu kalmomi, don haka kunna rubutun Faransanci a ƙasan allo yana taimakawa ƙwarai. Wanda ya fi jin Turanci ya nemi mai fassarar Turanci da sunan da aka ambata a amsar farko.